Takardar Bank of British West Africa da dillali ya kawo mini: kuɗi ce ko ba kuɗi ba?

Abban Sadiya, Kano

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu tara tsofaffin kuɗi, musamman iyayenmu da suka daɗe a harkar, don ni ɗan koyo ne.

Bara da damina ɗakin marigayi kakanmu ya fara yoyo, aka fito da kayan ciki za a yi gyara. A ƙasan adakarsa muka tarar da wani ɗan gwangwani, cikinsa takardun kuɗi huɗu a naɗe da farin ƙyalle. Marigayin fatauci ya yi, goro da fata da gyaɗa, tsakanin Kano da Damagaram, kuma ta ƙasa ya je aikin hajji, ba a jirgin sama ba.

Ta farko tana da bishiyar kwakwa a gaba, an rubuta West African Currency Board, sule ashirin, shekarar 1937, da rubutun ajami a jiki. Biyu da Faransanci suke, duka an buga Banque de l'Afrique Occidentale. Ɗaya ta faran 5 ce, bayanta hoton masaƙi a bakin aikinsa, ɗayar kuma ta faran 25 mai shekarar 1942. Ta huɗun fam ɗaya ce ta National Bank of Egypt, Larabci da Turanci, da hoton wani Fir'auna.

Tun daga nan abin ya shiga raina. Na ji cewa zamanin Turawa a wasu ƙasashe bankunan kasuwanci ne suke buga kuɗi da sunansu, ba gwamnati ba, sai na ce to irin waɗannan zan riƙa tarawa. Ana cikin haka wani dillalin tsofaffin kaya ya kawo mini wata doguwar takarda. A samanta an buga Bank of British West Africa Limited da kyakkyawan rubutu, ƙarƙashinsa Kano. Akwai layin da aka rubuta sunan wani kamfani da alƙalami, akwai wani layin da aka rubuta fam goma sha biyu da sule biyar da hannu, ga sa hannu a ƙasa, ga hatimi an danna a tsakiya. Ya rantse mini cewa kuɗin First Bank ne na farko-farko, wai da irinsu ake sayen gyaɗa kafin a haifi ubana. Abin da ya yanka mini ya kusa albashina na wata. Na ce ya bari in yi shawara.

Don Allah, wannan takarda kuɗi ce? Bankunan Najeriya sun taɓa buga kuɗi da sunansu? Kuma cikin huɗun nan na Kaka, akwai wadda ta fito daga bankin kasuwanci?

Dattijon Fagge

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka. Ka yi dabara da ba ka yi gaggawar zaro kuɗi ba. Abin da aka kawo maka caki ne. Na yi aikin banki har na yi ritaya, irinsa dubbai sun bi ta hannuna, sai dai wannan ya girme ni.

Bambancin ba shi da wuya. Takardar kuɗi, adadinta a buge yake tun daga maɗaba'a, ba a barin fili a ce wani ya cike da alƙalami. Ba ta ɗauke da sunan wanda za a biya, alkawari ne bankin ya ɗauka zai biya duk wanda ya zo da ita a hannu. Mai sa hannu a kanta jami'in bankin ne. Shi kuwa caki mai ajiya ne ke rubuta shi, yana umartar banki ya cire kaza daga asusunsa ya ba wane. Fam goma sha biyu da sule biyar ma kaɗai ta isa ta tona asiri, wace ƙasa ce za ta buga kuɗi a wannan adadi? Hatimin da ka gani a tsakiya kuwa na kashiya ne, shaidar an biya an rufe magana.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai tsoka. Kuɗin takarda da suka yi yawo a kasuwanninmu zamanin Ingilishi ba banki ne ya fitar da su ba. Bank of British West Africa an kafa shi a 1894, ya gaji reshen da African Banking Corporation ya buɗe a Ikko a 1892, kuma Alfred Jones na kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster ne ƙashin bayansa. Gatan da gwamnati ta yi masa shi ne ajiyar kuɗinta da shigo da sababbin sulallan azurfa daga Ingila. Wannan ba ƙaramin gata ba ne, amma ba buga kuɗi ba ne. A 1912 aka kafa West African Currency Board, ofishinta a Landan, don ƙasashe huɗu: Najeriya, Gold Coast wadda ta zama Gana, Saliyo da Gambiya. Ta fara fitar da sulalla a 1913, takardu kuma a 1916. Shi bankin wakilinta ne kawai, a ɗakunan ajiyarsa ake jibge kuɗin, ta tagarsa ake rarraba su. Shi ya sa tsofaffi da yawa suka ɗauka kuɗin bankin ne. Haka aka tafi har Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959 ya fitar da fam ɗinmu. Saboda haka mai kwakwar nan ta 1937 ta hukuma ce, ba ta shiga sahun da kake son tarawa ba, ko da yake ni da za a ce in zaɓi ɗaya cikin huɗun don in nuna wa jikokina, ita zan ɗauka saboda ajamin.

Maganar da ya yi maka ta sayen gyaɗa ma akwai gyara. Manomi a wancan lokaci bai yarda da takarda ba, balle caki. Azurfa yake so, wadda zai binne a tukunya ba gara ba ruwa, in ta kama a kai wa maƙeri ya ƙera wa amarya munduwa. Bayan yaƙin duniya na farko da azurfa ta yi ƙaranci aka tura wa mutane takarda, sai da ta kai mai fam na takarda ba ya samun cikakken sule ashirin in ya je canji a kasuwa. Ai ka san labarin da ake bayarwa na Alhaji Alhassan Ɗantata, cewa da zai buɗe asusu a wannan banki a Kano raƙuma ashirin aka labta wa sulallan azurfa. Caki tsakanin kamfanonin Turawa da Kwarori da manyan dillalansu yake yawo.

To amma kada ka karaya, akwai wata ƙofa. Bankunan da muka sani a nan, kakanninsu sun buga kuɗi, sai dai ba a nan ba. Colonial Bank, wanda ya shigo Najeriya a 1917, tun 1836 aka ba shi izinin aiki a tsibiran West Indies, kuma ya fitar da takardun kuɗi da sunansa a Barbados da Trinidad da Jamaika. A 1925 aka haɗe shi da wasu bankuna biyu, Anglo-Egyptian Bank da National Bank of South Africa, suka zama Barclays DCO, wanda reshensa na Najeriya shi ne Union Bank na yau. Barclays ɗin ya ci gaba da buga kuɗi a tsibiran, da Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabwe ta yau, da ƙasar da ake kira Namibiya yanzu. Haka Standard Bank, wanda ya haɗiye bankin cakin nan naka a tsakiyar shekarun 1960 kafin a sa masa suna First Bank a 1979, ya daɗe yana fitar da nasa kuɗin a Afirka ta Kudu da Rodeshiya. In asalin bankunan gida kake son bi, can za ka nufa.

Cakin kuma ba shara ba ne. Akwai masu tara su, kuma mai sunan Kano a jiki ni ma zan so in gani. Ka taya shi da farashin caki. In ya ƙi, ka bar masa abinsa.

Ɗan Katsinar Maraɗi

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, ka gama magana a kan ɓangarenku. Bari in sa baki a kan namu, tunda biyu daga cikin takardun daga gidanmu suka fito.

Ɗan'uwa Abban Sadiya, abin da kake shirin saye da tsada wurin dillali, kakanka ya riga ya bar maka shi kyauta har guda biyu. Banque de l'Afrique Occidentale banki ne na masu hannun jari, hedikwatarsa a Paris. Yana karɓar ajiya, yana ba kamfanonin gyaɗa da na fata bashi, kuma shi ne gwamnatin Faransa ta ba ikon buga kuɗi a ƙasashen da ta mallaka a yammacin Afirka. An kafa shi a 1901 a madadin Banque du Sénégal na 1853. Shi wannan na farkon asalinsa ba daɗin ji: da Faransa ta hana bauta a 1848, iyayengijin bayi aka biya diyya, ba bayin ba, kuma daga cikin diyyar aka yanki jarin bankin.

Dalar nan taka mai masaƙi da ta dala biyar (a wurinmu faran 5 ita ce dala, faran 25 kuma dala biyar), ba zan ruɗe ka ba, ba su cikin masu wuyar samu. An buga su da yawa, in sun tsufa sun yi laushi kuɗinsu kaɗan ne. Waɗanda masu gwanjo ke rububi su ne na farkon ƙarni, masu ɗauke da sunan garin da reshen yake: Dakar, Saint-Louis, Rufisque, Konakiri, Grand-Bassam, Porto-Novo, har da Duwala. Zane ɗaya ne, sunan gari ne ke raba farashi, wani lokaci rabuwa mai nisa.

Amma ta 1942 ɗin tana da labari. Ka sa tabarau ka duba can ƙasa a bakin takardar, za ka ga ƙananan haruffa E. A. Wright Bank Note Co., da sunan birnin Philadelphia. A Amurka aka buga ta. Jamus na riƙe da Faransa, ga shi a ƙarshen 1942 ƙasashenmu sun koma ɓangaren Ingila da Amurka, hanyar kawo kuɗi daga Paris ta yanke, dole aka nemi maɗaba'a a wani wuri. Ka haɗa su biyun a hannu ka shafa. Ta Faransa siririya ce, launukanta a sirke kamar zanen hannu, ta Amurka kuwa ta fi kauri, zanenta irin na dalar Amurka. Da ni ne kai, waɗannan biyun a shafi ɗaya zan jera su.

Wani abu kuma, in ka ɗaga mai masaƙin a haske wataƙila ka ga 'yan ƙananan huji a gefe ɗaya. Ba ƙwari ba ne. Ma'aikatan bankunan Faransa da allura suke soke takardu in sun ƙirga su goma-goma. Masu saye sun san da haka, ba sa ɗaukarsa babban aibi in hujin bai yi yawa ba.

Banque de l'Afrique Occidentale ya riƙe ikon buga kuɗi har bayan da aka ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945. A 1955 aka karɓe shi aka ba wata hukuma ta gwamnati, wadda ta rikiɗe ta zama BCEAO, babban bankin da ke buga sefarmu, a 1959. Shi bankin kuma ya ci gaba da kasuwancinsa, sunansa ya koma BIAO a 1965, kuma bankin BIA da kuke gani a Yamai jikansa ne. Kakata takan ce su dai takardar Faransa ta biyan haraji ce, in ajiya za a yi ko sadaki, sulen Ingilishi ake nema. Ina jin shi ya sa fatake irin kakanka ba sa rabuwa da kuɗin ɓangarorin biyu a lalita.

Abban Sadiya, Kano

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yayana na Maraɗi, wallahi na duba, ga sunan Philadelphia nan ƙuru-ƙuru, ga hujin allura biyu a jikin mai masaƙi. Saura ta Masar, ita ma ta banki ce? Sannan yaya zan adana su? Mai kwakwar ta fara rabewa a inda aka ninke ta.

Sarkin Yawo

Kai malam wace irin wahala ce wannan, ka kai shagon masu kwamfuta su yi maka laminatin, shekara ɗari ba abin da zai same su. Ni takardun makarantata duk haka na yi musu. Kuma ni ban yarda bankin Faransan nan na kasuwanci ba ne. Wanda gwamnati ta ce shi kaɗai zai buga kuɗi ai babban banki ne, ko da wane suna aka kira shi.

Maman Ilham, Zariya

Sarkin Yawo, don girman Allah kada ka sa yaron mutane asara. Laminatin kashe takarda yake yi. Zafi da gam suna shiga jikinta, ba kuma a iya ɓare ta, duk mai saye da ya san abin da yake yi ko kallonta ba zai yi ba.

Ƙanena Abban Sadiya, aikina adana tsofaffin takardu ne, ga abin da zan ce maka. Kada ka sa salatif a inda ta rabe, gam ɗinsa yana komawa ruwan ƙasa ya ci takardar. Kada ka wanke, kada ka sa dutsen guga. Masu saye suna gane wadda aka goge, don takardar takan yi sheƙi ta mutu, tudun tawadar da ake ji da yatsa ya baje. Ka warware su a hankali da busasshen hannu mai tsabta, kowace ka sa ta a rigarta daban. Rigar ta zama ta roba mai ƙarfi garai-garai da ake kira Mylar, ba mai laushin nan mai wari ta album ɗin hotunan biki ba, ita wannan tana fitar da wani maiƙo da ke ɓata tawada. Kafin ka samu, farar takarda mai kyau ka ninka ka sa su a ciki. A ajiye su a kwance, nesa da rana, nesa da bangon da ke tsattsafo da damina. Gwangwanin ma a raba su da shi saboda tsatsa, amma kada a yar da shi, shi da ƙyallen duk cikin tarihin suke.

Sai wata magana da ba wanda ya taɓo. Kayan nan a adakar mamaci aka same su, ke nan gado ne, ba na wanda ya fara gani ba ne. Ko kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ka sanar da iyaye da baffanni da gwaggwanni, su yafe maka ko a yi musu ƙima ka biya. In ka bari sai ranar da wani ya ji a waya cewa tsohon kuɗi ya yi tsada a Landan, ranar za ka ji maganganu.

Dattijon Fagge

Hajiya ta faɗi gaskiya, ɗana ka fara da maganar magada kafin komai.

Sarkin Yawo kuma, a zancensa na biyu bai yi nisa da hanya ba, sai dai ya haɗa abu biyu. Bankunan da suka buga kuɗi a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka iri biyu ne. Akwai inda bankuna da yawa ke fitar da nasu a gari ɗaya, kowa da zanensa, mutum ya zaɓi wanda ya amince da shi. Haka ake yi a Afirka ta Kudu kafin babban bankinsu ya fara fitar da kuɗi a 1922, haka a West Indies. Akwai kuma inda aka zaɓi banki ɗaya na 'yan kasuwa aka ba shi shi kaɗai, na wasu shekaru, in wa'adi ya cika a sabunta. Nan ne na Faransa ya faɗo, da Banco Nacional Ultramarino na Fotugal da aka kafa a 1864, da Banque du Congo Belge, da Deutsch-Ostafrikanische Bank na Jamusawa a gabashin Afirka. Duk suna da masu hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara, duk suna ba da bashi suna karɓar ajiyar mutane. Babban banki irin namu na yau ba ya buɗe wa ɗan kasuwa asusu. Masu tarawa da yawa sun fi ɗaukin kashi na farko, ni dai duka biyun ina lissafa su.

Irin na farkon yana da haɗari, kuma an gani. Oriental Bank Corporation, wanda a zamaninsa yana cikin manyan bankunan Ingilishi a gabashin duniya, ya durƙushe a 1884, mutanen Silon, wato Siri Lanka, suka wayi gari da takardunsa a hannu. Sai da gwamnan tsibirin ya ce gwamnati ta tsaya musu, daga nan kuma ta karɓi aikin buga kuɗin da kanta. A ganina irin wannan darasi na cikin abin da ya sa da aka zo kanmu a 1912 hukuma aka kafa, ba a miƙa wa banki ba.

Ta Masar ɗinka tana kashi na biyu. National Bank of Egypt an kafa shi a 1898 da jarin 'yan kasuwa, ya fara fitar da takardu a 1899, kuma Fir'aunan da ka gani Tutankhamun ne. Ba sai kakanka ya taka Alƙahira ba kafin ya same ta. Sudan ba ta da kuɗinta a lokacin, da fam ɗin Masar ake ciniki har 1957. Alhazan ƙasa ta Maiduguri suke bi, su shiga Fallomi, wato Njamena ta yau, su wuce Abeshe, su faɗa Darfur, da yawa kuma sai sun tsaya sun yi aikin auduga a Jazira sun tara guzuri kafin su ƙetare Bahar Maliya. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno. Wannan fam ɗin mai yiwuwa ladan guminsa ne a can. Ke nan uku cikin huɗu sun shiga sahunka.

In za ka ƙara a kansu, ka fara da masu araha har idonka ya buɗe. Hong Kong har gobe bankunan kasuwanci uku ne ke fitar da yawancin takardunta, HSBC da Standard Chartered da Bank of China, a Macau kuma Ultramarino bai daina ba. Na ƙarshen zamanin Ingilishi a Hong Kong, kafin 1997, ba su da wuyar samu, kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa Chana suna iya taho maka da na yanzu. Kowace takarda tana da lambar da masu harkar suka san ta da ita, ana ce mata lambar Pick. Ka nemi ta kowace, sannan ka duba nawa aka sayar da irinta a gwanjon da ya riga ya wuce, ba nawa mai kaya ya sa mata ba.

Ka kuma yi hattara da tsofaffin takardun bankuna da za a nuna maka fes, ba lamba ba sa hannu. Da yawansu ragowar maɗaba'a ne da ba a taɓa fitarwa ba, wasu samfuri ne da aka huda ko aka buga wa SPECIMEN, wasu kuwa hoto ne kawai aka buga jiya aka jiƙa da ruwan shayi. Na farko da na biyu suna da nasu farashin, na uku ba shi da ko anini. Ka ɗauko mana hoton ta Masar gaba da baya, yadda kwanan wata da sa hannun gwamnan bankin za su fito sosai, don a irin wannan fam ɗin su ne ke nuna ko ta gama-gari ce ko ta nema.